Tambaya da Amsa: Mota Ta Buge Mahaifinmu a Isa, Direba Ya Ce Laifin Baba Ne

TAMBAYA

Daga garin Isa nake rubuto muku. Wata biyu ke nan da wata motar haya ta buge mahaifinmu kusa da tasha, yana dawowa daga kasuwa da yamma, ƙafarsa ta dama ta karye. Jama'a suka kai shi asibiti aka tsayar da jini, washegari muka ɗauke shi zuwa wajen mai ɗori. Shugabannin tasha sun zo da direban sun yi mana jaje, sun bar ɗan abin da ya sawwaƙa. Yanzu ƙafar ta ƙi takuwa, an ce sai an yi aiki a Sakkwato, mu kuwa ba mu da hali. Da muka koma wajen direban sai ya ce Baba ne ya faɗo masa titi. Wasu na cewa mu bar wa Allah. Shin muna da hakki? In muna da shi, da me za mu tabbatar?

Mai karatu, Isa, Jihar Sakkwato

AMSA

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce.

Neman hakkin wanda aka ji wa rauni bai saɓa wa tawakkali ba. Yafiya falala ce, amma ta mai ƙafa ce, shi zai yi ta da ransa, ba don an rufe masa baki ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an ɗora wa mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta lamunin abin da ta tattake, kuma a kan wannan malaman zamani suke ƙiyasta mota da babur. Ke nan cewar direba bai yi da gangan ba ba ta sauke masa nauyi.

Sai dai ko kotun shari'ar Musulunci kuka je ko babbar kotun jiha, ƙa'idar guda ce: mai da'awa ke kawo hujja. Haka fikihu ya tsara, haka Dokar Shaida ta 2011 ta tanada. Za a so ku nuna cewa wannan motar ce ta buge shi, cewa akwai sakacin direba, kuma cewa halin da ƙafar ke ciki da kuɗin da kuka kashe daga wannan bugun suka samo asali.

Na farkon yana hannunku ba ku lura ba. Mutumin da ya ce "shi ya faɗo mini" ya riga ya amsa cewa shi ya buge. Shugabannin tashar da suka rako shi gidanku shaidu ne a kan haka. Ka rubuta sunayensu, da ranar da suka zo, da abin da aka bayar, da kalmomin da aka faɗa lokacin bayarwa. Ka samo lambar motar da sunan mai ita, domin sau da yawa direba ɗan aiki ne, kuma doka tana kama mai mota da sakacin direbansa idan a bakin aiki abin ya faru.

Gardamar tana kan na biyu, kuma nan ne nake so ka yi sauri. A bakin tasha ba a rasa idanu: mai shayi, mai faci, 'yan kabu-kabu, yaran mota, mai sayar da fetur a kwalba. Amma ka fi ni sanin yadda zama ya koma a gabashin Sakkwato. Rashin tsaro ya sa mutumin da ka gani yau a Isa, wata mai zuwa yana Sakkwato ko Shinkafi, ko ya tsallaka Gidan Runji ta jihar Maraɗi. Wanda ya zo cin kasuwa daga ƙauye ma ba lallai hanya ta bar shi ya dawo ba. Wanda ke nan kuma mantuwa na cinsa, ga kunyar 'yan tasha da yake kwana yake tashi da su.

In ka sami wanda ya gani, kada ka tambaye shi wa ke da laifi, wannan aikin alƙali ne. Ka tambaye shi abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji. A ina Baba yake lokacin da motar ta same shi, a kan kwalta ko a gefen ƙasa? Tafiya yake ko tsallakawa? An ji oda? An ji ƙarar birki kafin bugun ko bayansa? Fitila na kunne? Wane ɓangaren motar ne ya lotsa, kuma ina ta tsaya? Motar da ta yi tafiya mai nisa kafin ta iya tsayawa a wuri mai cunkoso irin bakin tasha ta ba da labarin gudunta. Da izininsa ka ɗauki muryarsa a waya, ya faɗi sunansa da ranar. Ka adana wayar da aka yi ɗaukar da ita, domin sashe na 84 na Dokar Shaida yana neman bayanin na'urar da ta samar da hoto ko murya kafin kotu ta karɓa. Muryar ba ta maye gurbin zuwansa gaban alƙali, amma tana hana magana sauyawa. Ka kuma bincika ko wani ya ɗauki hoto a ranar, da wuya a rasa.

Ko da ta tabbata Baba yana da nasa kason na rashin lura, a babbar kotu wannan rage diyya yake yi gwargwadon laifinsa, ba ya soke ta.

Ba ka ambaci 'yan sanda ba. In ba a kai rahoto ba, ka je ofishinsu na Isa ka kai yanzu, ka nemi a shigar a littafi a ba ka kwafi. A ƙa'ida sashen kula da haɗurran mota ne ke zana taswirar wurin, jami'in duba motoci kuma ya gwada birki da taya. Bayan wata biyu sawun taya ya shafe, wataƙila an gyara motar, amma rahoton da ya makara ya fi babu, kuma kamfanin inshora zai tambaye shi.

Inda da'awarku ta fi rauni shi ne jinya. Ba na raina masu ɗori, mutane da yawa a ƙasar Gobir da hannunsu suka miƙe. Matsalar ita ce ɗori ba ya barin takarda, kuma abin da ɓangaren direba zai fara cewa shi ne ɗorin ne ya ɓata ƙafar, ba mota ba. Maganin wannan yana asibitin da aka fara kai shi. Ka koma ka nemo katinsa da lambar fayil, da abin da ma'aikacin lafiya ya rubuta a daren: wane irin rauni, a wane wuri, me aka ce ya jawo shi. Wannan 'yar takardar ita ke haɗa karayar da ranar haɗarin. Sannan a ɗauki hoton ƙashi yanzu, kuma idan kun isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, ku roƙi likitan ƙashi ya rubuta rahoto: yadda karayar take, aikin da ake bukata, kuɗinsa, da ko za ta bar nakasa. Shi ma mai ɗorin shaida ne a kan halin da aka kawo masa ƙafar da abin da aka biya shi.

Kuɗin da aka kashe kuwa kotu ba ta ƙiyasta shi, sai an lissafa an tabbatar ɗaya bayan ɗaya. Rasit na kemis, na hoto, kuɗin mota zuwa Sakkwato, duk a tara a leda guda. Abin da ba shi da rasit a rubuta a littafi da kwanan wata. In Baba yana da sana'a ko gonar da ta tsaya saboda kwanciyarsa, abokan sana'arsa su shaidi abin da yake samu.

Akwai kuma inshora, wadda mutanenmu suka ɗauka takardar nuna wa jami'ai ce a shinge. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda ta ji wa rauni ko ta kashe, kuma mai tafiya a ƙasa na cikin waɗanda aka yi ta dominsu. A Janairun 2023 hukumar kula da inshora, NAICOM, ta mai da kuɗinta Naira 15,000 ga motar gida. Takardun bogi sun yi yawa, don haka ka danna *565*11# a waya ka sa lambar motar ka ga ko tana da rajista. In ta gaske ce, a sanar da kamfanin a rubuce, kuma hakan sauƙi ne ga direban kansa.

Ra'ayina shi ne ku fara da sulhu, a gaban mai unguwa ko hakimi, da mai motar da shugabannin tasha. Zama ɗaya kuke, kuma shari'a na cin lokaci da kuɗi. Amma ku je da takardunku da shaidunku, domin wanda ya zo sulhu hannu biyu abin da aka ga dama ake miƙa masa. Kada Baba ya sa hannu ko ya dangwala a takardar cewa magana ta ƙare kafin likita ya faɗi makomar ƙafar. Malaman Malikiyya ma sun ce ba a ƙaddara diyyar rauni sai ya warke an ga abin da ya bari. Abin da aka daidaita a rubuta shi, da adadi da ranar biya da shaidu.

In sulhu ya ƙi, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa tana da ofishi a Sakkwato, kuma da'awar haɗari na cikin abin da take tsaya wa marasa hali. Doka ta sa wa'adin shigar da ƙara, yana kuma tafiya tun daga ranar haɗarin. Ga sauran masu karatu: idan motar hukuma ce, wa'adin ƙarar jami'in gwamnati wata 3 ne kacal.

Kada jinyar Baba ta jira ƙarshen wannan magana. Ku nemi taimakon dangi a kai shi wajen likitan ƙashi, kai kuma a cikin makon nan ka koma bakin tasha ka nemo waɗanda suka gani, ka karɓo katin asibitin. Allah Ya tashi kafaɗunsa.