DARASI: TAFKIN DA KE JANYEWA YA BAR GISHIRI

A Jihar Yuta ta ƙasar Amurka akwai wani tafki da ake kira Babban Tafkin Gishiri. Koguna uku ne ke zuba a cikinsa, amma ba shi da mafita. Rana ce ke shanye ruwan, gishiri ya rage. Saboda haka ruwansa ya fi na teku gishiri.

A shekarar 1987 tafkin ya cika maƙil. A shekarar 2022 kuwa ya janye fiye da yadda aka taɓa aunawa, faɗinsa bai kai sulusin na 1987 ba. Inda ruwa ya bari ya zama fili fari fat.

Shiga wannan fili akwai haɗari. Samansa ɓawon gishiri ne, ƙarƙashinsa taɓo. Mota takan kafe, ga shi babu ruwan sha, babu inuwa. Shi ya sa masu ɗaukar hoto suke aika jirgi maras matuƙi. Wannan jirgi bai fi faifai girma ba. Yana da farfela huɗu, da batir, da kyamara. Mai shi yana tsaye a tudu yana sarrafa shi, yana kallon abin da jirgin ke gani. Batirin yakan yi kamar rabin awa. Doka ta hana jirgin wuce mita 120 a sama.

Me hoton yake nunawa? Yana nuna layi-layi a ƙasa, kowane layi tsohon bakin ruwa ne. Yana kuma nuna hanyar jirgin ƙasa da ta raba tafkin biyu tun 1959. Ruwan arewa ja-ja ne saboda wasu ƙwayoyin halitta masu son gishiri, na kudu kuwa kore-kore.

Me ya janye ruwan? Akwai fari, amma babban dalili shi ne tare kogunan don noman rani, musamman na ciyawar dabbobi. Iska kuma tana kwasar ƙura mai guba daga busasshen filin zuwa garuruwa.

Jama'a, haka Tafkin Chadi ya ragu bayan farin shekarun 1970 da 1980. Mai ban-ruwa ya tuna da na ƙasa da shi. Ya gyara lambatu mai yoyo, ya yi ban-ruwa da safe ko da yamma.

TAMBAYOYI
1. Me ya sa ruwan tafkin yake da gishiri?
2. Don me ake aika jirgi maras matuƙi?
3. Rubuta abu biyu da suka janye ruwan.