Darasinmu na Mako: Yadda Kwamfuta Ke Tsince Kurakurai a Ƙidaya

'Yan'uwa ɗalibai, ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta watan Maris na 2006, wadda ta nuna Jihar Katsina na da mutum 5,801,584. Kafin a sanar da irin wannan adadi, sai an tsince bayanan kamar yadda ake tsince wake kafin a zuba a tukunya.

Bin miliyoyin takardu ɗaya bayan ɗaya da ido ba zai yiwu ba. Shi ya sa ake amfani da manhaja irin CSPro, wadda hukumar ƙidaya ta Amurka ta samar take kuma bayarwa kyauta. Da ita Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta tace bayanan binciken lafiyar iyali na 2018. Ana rubuta mata ƙa'idoji, ita kuma ta bi bayanan duka a tashi ɗaya, ta hanyoyi uku:

1. Duba iyaka. Idan an rubuta wani dattijo a Funtua na da shekara 210, za ta kama.

2. Duba dacewa. Yarinya 'yar shekara 6 mai 'ya'ya uku, ko ɗan da ya girmi mahaifinsa, ko gonar kadada ɗaya da ta ba da buhun masara 900: amsoshin sun ci karo da juna.

3. Cike gurbi. Inda aka bar fili babu amsa, takan ari amsar wani mai kama da shi a shekaru da jinsi, sannan ta rubuta rahoton duk abin da ta sauya don ma'aikata su duba.

Sai dai kwamfuta ba ta kama ƙaryar da ta yi kama da gaskiya. Manomin Malumfashi da ya samu buhu 40 ya ce 15 don tsoron haraji, amsarsa za ta wuce lafiya. Haka mai shekara 47 da ya ce 50. Da waɗannan alƙaluma ne kuma gwamnati ke tsara rabon taki, ajujuwa da asibitoci.

Aikin gida: ku nemo takardun haihuwar 'yan gidanku, ku rubuta shekarun kowa daidai. Ranar da ma'aikatan ƙidaya suka yi sallama, ku taya iyayenmu ba da amsa ta gaskiya.