Darasi na Goma Sha Biyu: Rigar Ruwa Mai Shan Iska

Damina ba ta hana aiki

A ƙasar Bagudo ruwan sama yakan fara sauka wajen watan Mayu, ya yi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke a Oktoba. A waɗannan watanni ne aiki ya fi yawa. Manomin shinkafa yana fadama. Masunci yana kan Kogin Kwara, wanda ya shigo Nijeriya ta wajen Lolo. Makiyayi yana daji da shanunsa. Ɗan kabu-kabu yana kai da komo tsakanin Ka'oje, Illo da Tsamiya, wani lokaci har Segbana a Jamhuriyar Benin. Mata suna kai abinci gona, suna cin kasuwa. Matasa kuma ba sa fasa ƙwallo ko kamun kifi da ƙugiya don an yi yayyafi.

Duk waɗannan suna bukatar abin da zai kare su daga ruwa. Lema ba ta yi wa mai aiki, domin tana cin hannu ɗaya, iska kuma tana karya ta. Shi ya sa ake neman rigar ruwa. Amma da yawa sukan saya, su sa sau biyu, su jefar, su ce zuba take yi. Sau da yawa rigar ba ta da laifin zuba. Matsalar daga ciki take.

Ruwa biyu ne ke jiƙa mai aiki

Akwai ruwan da ke sauka daga sama, akwai kuma wanda ke fita daga jiki, wato gumi. Mutumin da ke aikin ƙarfi cikin zafi yana iya zubar da gumi lita ɗaya ko fiye a awa guda. Gumi ba banza ba ne. Idan iska ta busar da shi, sai ya tafi da zafin jiki, mutum ya ji sanyi-sanyi. Idan aka toshe masa hanya, sai ya taru, zafin kuma ya zauna.

Ku gwada wannan a aji. Kowa ya sa hannunsa cikin leda, ya riƙe bakinta a wuyan hannu, ya jira minti goma. Zai ga cikin ledar ya jiƙe, alhali ko ɗigon ruwa bai taɓa ta daga waje ba. Abin da ke faruwa da murfin tukunya ke nan: tururi ya tashi, ya rasa mafita, ya koma ruwa a jikin murfin. Rigar roba da aka rufe ruf haka take yi wa jikin mutum.

Don haka rigar ruwa ta ƙwarai aiki biyu gare ta. Ta hana ruwan sama shiga, ta bar tururin jiki ya fita.

Dabarar mutanen da

Kakanninmu sun san wannan. Sun saƙa kabido da ganyen kaba, ana kifa shi daga ka ya sauka ta baya. Ganyen yana gangarar da ruwa ƙasa, gaba da ƙasa kuma a buɗe suke, iska tana ratsawa. Malfa ma haka take, tana tare ruwa da rana, ba ta dafa kai. Aibin kabido shi ne girma da wuyar ɗauka, kuma ba a hawa babur da shi. Amma dabarar da ke cikinsa ita masu ɗinkin zamani suke bi har gobe.

A ƙasashen Turawa ma an sha fama da wannan matsala ta gumi cikin rigar ruwa. A 1823 wani masanin haɗa sinadarai na ƙasar Sikotlan, Charles Macintosh, ya yi rajistar dabarar manna roba tsakanin yadi biyu. Rigarsa ta hana ruwa, amma tana wari, tana ƙandarewa da sanyi, tana danƙo da zafi, mai ita kuma yana jiƙewa da gumi. A 1879 Thomas Burberry na Ingila ya fito da wani yadi mai matsattsiyar saƙa, wanda ke ture ruwa amma yana barin iska ta wuce. A 1969 kuma wani injiniya a Amurka, Bob Gore, ya gano cewa idan aka fizgi wani irin roba mai zafi da sauri, yakan miƙe ya zama siririn shafi mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ƙofofin sun yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta, amma tururi yana wucewa ta cikinsu. Daga nan aka sami yadin Gore-Tex, wanda ya shiga kasuwa a 1976.

Me ya sa tsada ba ta wadatar a nan?

Irin wannan yadi mai numfashi yana aiki sosai ne idan waje akwai sanyi, iskar kuma busasshiya ce. Tururi yakan tashi ne daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan. To, a fadamar Bagudo cikin Agusta, waje ma zafi ne, iskar kuma cike take da laima. Tururin jiki ba ya samun inda zai tafi da sauri, ko da an sayi rigar da kuɗi mai yawa.

Saboda haka abin da ya fi amfani a ƙasarmu shi ne ƙofofin iska na zahiri, waɗanda ido ke gani, hannu ke buɗewa. Ga su:

1. Tsaga a gadon baya, wadda aka rufa mata wani yadi daga sama. Ruwa yana gangarewa ta kai, zafi yana fita ta ƙasa.
2. Zif ko ƙananan huda a ƙarƙashin hammata, inda ruwan sama ba ya kaiwa sosai.
3. Hannun riga mai maɓalli, wanda za a iya sassautawa.
4. Yalwa. Riga mai faɗi tana hura iska da kanta duk lokacin da mutum ya motsa.

A kasuwa

Wani dattijo manomi ya tsaya a rumfar wani saurayi mai sayar da kayan damina.

"Salamu alaikum. Sannu da kasuwa, ɗana."

"Amin alaikumus salam. Sannu da zuwa, Baba. Me za a kawo?"

"Rigar ruwa nake so. Ta bara dafa ni ta yi kamar dankali, na ba yara suka rufe kaji da ita."

"Allah Sarki. Wane aiki ake yi da ita, Baba?"

"Shinkafa, a duƙe nake wuni."

"To, ka bar wannan mai kaurin, ta masu tsayuwa wuri ɗaya ce. Ga wannan, duba bayanta, akwai tsaga. Ga kuma zif a hammata."

"Ba ta yi mini yawa ba?"

"Yawan shi ne amfaninta, Baba. Sa ta, ka ɗaga hannu sama, ka duƙa kamar kana cire ciyawa. Idan ba ta ja ka ba, bayanka kuma bai fito ba, ita ce taka."

"Madalla. Juya mini cikinta in ga ɗinkin."

Dattijon ya san abin da yake yi. Duk inda allura ta bi ta bar rami, ta nan ruwa ke fara shiga. Riga mai kyau ana manna siririn ƙyalle na roba a kan ɗinkinta daga ciki. A duba kafaɗa da wuya da hular, a tabbata mannin bai ɗaye ba. A duba zif ɗin gaba ko yana da marufi. A ɗaga rigar a rana a ga ko haske yana ɓullowa ta wani wuri. Wannan ya fi zama dole ga mai sayen gwanjo, domin tsohuwar riga takan yi kyau a ido alhali shafin cikinta ya fara barewa kamar gari.

Karanta takardar da ke wuyan riga

Kayan da ke shigowa ta kan iyaka, ko daga kasuwar Malanbil ta Jamhuriyar Benin, wasu rubutunsu Faransanci ne, wasu Turanci. Amma lamba iri ɗaya ce ko'ina. Haruffan M da L da XL girman riga suke nunawa, daga matsakaiciya zuwa babba ƙwarai. Haruffan PVC suna nufin roba ce zalla, ba ta numfashi ko kaɗan, don haka sai an nemi mai ƙofofin iska.

Wani lokaci za ka ga lamba da mm a gabanta. A masana'anta ana ɗaure yadi a gindin dogon bututu, a yi ta zuba ruwa har ya fara tsattsafowa. Tsawon ruwan da yadin ya jure shi ake rubutawa. Milimita 1,000 ita ce mita ɗaya. Yadi mai 1,500 mm ya jure ruwa mita ɗaya da rabi, yana maganin yayyafi. Mai 5,000 mm yana jure ruwa matsakaici. Mai 10,000 mm ko fiye shi ne na marka, da na mai ɗaukar kaya a kafaɗa, domin danni yana tura ruwa cikin yadi.

Kowane aiki da irin tasa

Manomi da makiyayi: riga mara nauyi, mai yalwa, a haɗa da malfa. Dogon takalmin roba yana rage haɗarin sarar maciji da kaushin ƙafa, yana kuma rage taɓa ruwan kwance, inda ake ɗaukar tsargiya. A zazzage takalmin kafin a sa, kunama tana son duhu.

Ɗan kabu-kabu: riga da wando, masu launi mai haske kamar ɗorawa, don direba ya hango shi cikin ruwa. Gudun babur yana ba shi iska, saboda haka shi yana iya sa mai kauri. Ya guji doguwar riga mai lilo, domin tana iya shiga sarƙa ko taya ta kayar da shi.

Mace mai goyo: irin wadda ake zura kai ta tsakiya, gefenta a buɗe, ta fi sauƙi a kan zane da hijabi. Kada a taɓa rufe fuskar jariri da leda ko roba, numfashinsa yana iya tsayawa.

Masunci da fasinjan jirgi: rigar kare ruwan sama ba ta hana nutsewa. Wannan aikin rigar ceto ne, mai soso a ciki. A watan Mayu na 2021 jirgi ya kife kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, aka yi asarar rayuka masu yawa. Wanda zai hau Kwara ya nemi rigar ceto, ya kuma cire dogon takalmi, domin idan ya cika da ruwa iyo yana wuya.

Mai feshin maganin ciyawa ko na ƙwari: shi tsarinsa daban ne. Yana bukatar rufe jiki sosai, don haka ya yi feshi da sassafe ko da yamma. Ya ware rigar feshi, ya wanke ta ita kaɗai, nesa da rijiya da kogi.

Abin da ake sawa a ciki ma yana da muhimmanci. Auduga tana shan gumi ta daɗe ba ta bushe ba. Riga irin ta 'yan ƙwallo ta fi saurin bushewa. Da zarar ruwa ya tsagaita, a buɗe gaba ko a tuɓe rigar.

Alamomin haɗari

Idan mai sanye da rigar roba ya ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ko jijiyar ƙafa tana ɗaurewa, zafi ne ya yi masa yawa. Ya tuɓe, ya zauna a inuwa, ya sha ruwa kaɗan-kaɗan, ko ruwan gishiri da sukari. Idan ya fara sambatu ko ya suma, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Haka kuma rigar roba ba ta maganin tsawa. Idan ana walƙiya, a fita daga ruwa, kada a fake a gindin itace.

Yadda za ta daɗe

A wanke laka da ruwan sanyi da ɗan sabulu, a ɗauraye sosai. A shanya ta a inuwa, ciki da waje, domin rana tana fasa roba. Kada a kai ta kusa da murhu, kada a yi mata guga, narkewa za ta yi. Kada a naɗe ta da laima, za ta yi fumfuna. Ƙaramar huda kuwa, a share wurin ya bushe, a manna ƙyallen roba da gam daga ciki. Araha ba ta ado, amma ko mai arahar, idan ta sami kulawa, tana iya ganin damina fiye da ɗaya.

Tambayoyi

1. Waɗanne ruwa biyu ne ke jiƙa mai aiki da damina?
2. Me ya sa yadi mai numfashi ba ya aiki sosai a fadama cikin Agusta?
3. Kawo ƙofofin iska guda uku da ake nema a jikin riga.
4. Mene ne bambancin rigar kare ruwan sama da rigar ceto?
5. Me za ka yi wa abokin aikinka idan ya ce yana jin jiri?

Lissafi

1. Yadi mai 5,000 mm, ruwa mita nawa ya jure?
2. A ce wata riga naira 4,000 ce, tana yin damina ɗaya. Wata kuma naira 9,000, tana yin damina uku. Nawa kowace take ci a damina ɗaya? Wacce ta fi sauƙi?

Aikin gida

Rubuta jimla biyar a kan aikin da kake yi da damina da irin rigar da ta dace da shi. Wanda yake da rigar ruwa a gida ya zo da ita darasi na gaba, mu karanta takardar wuyanta, mu duba ɗinkinta tare.