Tsarabar Zanzibar: Wa Ya Yi Ta, Wa Ya Ci Ribarta?

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na sashen yawon buɗe ido ya ba mu aikin gida: kowa ya zaɓi wani yanki na bakin teku, ya jero kayan tsarabar da aka san shi da su. Ni na ɗauki Zanzibar, tsibiran nan na Tekun Indiya da suka haɗe da Tanganyika a 1964 aka sami Tanzaniya. Na jero kayana ina ta murna. Da takarda ta dawo, sai na ga malam ya soke biyu da jan biro, ya rubuta a gefe: "Ana sayar da su a can, amma a can aka yi su?" Wallahi na ji haushi, amma tambayar nan ita ce darasin gaba ɗaya.

Mu fara da abin da ya tsira, wato kanumfari. Shi dai wannan da muke sakawa a kunu da zoɓo, tohon fure ne da ake tsinka da hannu kafin ya buɗe, a shanya a rana har ya yi duhu. Nomansa ya bunƙasa a zamanin Sarki Sayyid Sa'id na Oman, wanda ya mayar da fadarsa Zanzibar a 1840, kuma gumin bayi ne ya raya gonakin. A 1872 guguwa ta lalata itatuwan babban tsibiri, Unguja, shi ya sa har gobe tsibirin Pemba ke kan gaba. Wanda ya sayi kanumfari ko kirfa a kasuwar Darajani, to ya sayi abin da ƙasar ke nomawa.

Na biyu, sassaƙa. Tsohon gari, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ya yi suna da ƙofofin katako masu ƙusoshin tagulla. Baƙo ba zai ɗauki ƙofa a jirgi ba, sai masassaƙa suka koma yin ƙananan akwatuna da irin wannan ado.

To, me malam ya soke? Zanen Tingatinga da duwatsun ado na Masai. Zanen ya cika shagunan tsohon gari, amma Edward Saidi Tingatinga a Dar es Salaam ya fara shi a ƙarshen shekarun 1960. Su kuma Masai makiyaya ne na cikin ƙasa, kasuwa ce ta kawo su bakin ruwa.

Akwai ɗaya da muka yi ta muhawara a kansa, wato kanga, zanen matan Suwahili da ake sayarwa bibbiyu, da karin magana rubuce a gefensa. Al'adar ta mutanen gaɓar ce ba shakka, amma da yawa a masaƙun wasu wurare ake buga shi, har da Indiya. Malam ya ce mu kira shi "na gida a ma'ana, baƙo a ƙira". Ai mu ma mun san wannan: sau nawa alhaji ya kawo carbi daga Makka, ka duba kwali ka ga a Sin aka yi?

Abin da na manta ban saka ba shi ya fi burge ni. Tun 1989 mata a ƙauyukan gabas irin su Paje da Jambiani ke noman ciyawar teku, wasu kuma na sarrafa ta su yi sabulu. Ba tsohuwar sana'a ba ce, amma kuɗin na shiga hannun wadda ta shiga ruwa.

Saboda haka, kafin ka kira abu tsarabar gari, yi tambaya uku. Daga ina kayan haɗinsa suka fito? Hannun wa ya yi shi? Nawa ne ya rage a garin daga kuɗin da baƙo ya biya?

Kada wani ya ce ina ruwansa da Zanzibar. Gobe mu ne za mu tsaya a otal ko shagon filin jirgi, baƙo ya ce a nuna masa abin tafiya gida. In ka miƙa masa jakar roba ta kanti alhali ga dukawa, ga masu rini a Ƙofar Mata, ga masu kilishi, ka san wanda ka hana cin abinci ranar.