Malam, Me Kake Tsinta a Zauren WhatsApp?

Malaman Gude da sauran makarantun Kabo da Gwarzo, sau da yawa jita-jitar albashi ce ke cinye datar da muka saya da guminmu. Ku buɗe zaure na darasi ɗaya tak, misali lissafin aji huɗu. Wanda ya gano dabarar koyar da rabawa da 'ya'yan tsamiya, ya turo bayanin da murya, don ya fi bidiyo sauƙin data. Kada a ɗora hoton ɗalibi sai da yardar iyayensa. In kuma an turo sanarwar horo da sunan TRCN ko SUBEB, ana neman kuɗi a asusun wani, ku fara tambayar sakataren ilimi na ƙaramar hukuma kafin ku tura ko sisi.