Gona da garke: kara ya tafi, taki ya dawo

Ƴan'uwa manoma na Buza, Madawa da Keita, darasinmu na yau ya shafi abin da muke yi da karan hatsi bayan girbi.

A da, in an gama kaka, Filani da Buzaye suna gangarowa daga arewa da bisashensu. Mai gona yakan roƙi makiyayi ya sauka cikin gonarshi. Shanu su ci kara, su kwana nan, su zuba kashi da fitsari. Mai gona ya ba da damen hatsi, matan ruga su kawo nono.

Bayan farin 1973 da na 1984, abubuwa sun sake. Makiyaya da yawa sun rasa garkensu. Manoma kuma sun shiga kiwo da kansu: akuyar uwargida, ragon layya, sa na jan amalanke. Yanzu kowa na kwashe kara da harawar wake ya ɗora bisa rumfa, wani ma ya kai kasuwa. Ba laifi ba ne, harawa kuɗi ce, tana kuma ƙiba rago. Amma mu duba gonar. An kwashe hatsi, an kwashe kara, an bar ta tsirara. Iskar rani ta ɗebe ƙasar sama, ruwan farko ya tafi da saura cikin ƙorama. Haka gona take zama fako.

To, wanda ya kai kara gida, gona tana bin shi bashin taki. Kar a bar kashin bisashe ya bushe a turke rana tana cin shi. A gina rami a bayan gida, a riƙa zuba shi tare da toka da ragowar karan da bisashe suka tattake, a yayyafa ruwa. In ya ruɓe, a kai gona da jaki ko amalanke kafin damana. Ɗanyen taki mai yawa yana ƙona shuka in ruwa ya ɗauke, shi ya sa ruɓaɓɓe ya fi. Wanda gonarshi take kusa, ya ɗaure bisashen can da rani, yana gusa turke bayan ƴan kwanaki. Ta haka fitsari ma ba ya ɓata.

Taki bai isa gona duka ba? Sai a yi tassa. A gina ramu da rani, faɗi kamar santimita 30, zurfi kamar 15, a tara ƙasar ta wajen gangare. Kowane rami a sa mishi taki cikin hannu biyu. Gara za ta bi takin ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Da wannan dabara manoman jihar Tawa suka raya fako mai yawa.

Kar mu manta da gawo. Yana kaɗe ganye da damana, ba ya rufe hatsi da inuwa. Da rani bisashe su ci ƴaƴanshi, su huta ƙarƙashinshi, su bar taki a wurin. In ƙaramin gawo ya fito a gonarka, kewaye shi da ƙaya. Ko dogon yaron da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska, sai da aka sa masu gadi suka kare shi daga awaki kafin ya girma.

Makiyaya kuwa har yanzu suna zuwa. Kowace shekara hukuma tana faɗin ranar sakin gonaki. Manomi ya kwashe amfaninshi kafin ranar, kar kuma ya nome burtali. Makiyayi ya jira ranar. In ɓarna ta auku, a tafi wurin mai gari a ƙiyasta ta gaban shaidu.