Tarwadarka Ba Magani Take Nema Ba

Ɗana, na ji ciwon ya sake dawowa tankinka: gyambo a jikin kifin, ja a gindin fiffike, gashin baki ya yi fari yana gutsurewa, wasu kuma sun tsaya a miƙe a saman ruwa sun ƙi abinci. Allah ya sawwaƙe. Na san kuɗin da ka zuba ba kaɗan ba ne, shi ya sa nake so ka saurare ni kafin ka sake sayen wani maganin.

Ƙwayar cutar da ta fi kawo irin wannan gyambo, wadda masana ke kira Aeromonas, ba baƙuwa ba ce. Tana cikin ruwan kusan kowane tanki, har na mai lafiya. Ba ta samun galaba sai kifi ya galabaita. To me ke galabaitar da naka?

Ruwa ne. Mu nan Gumel ba Haɗejia ba ce, ba kogi gare mu ba. Daga Gagarawa har Sule Tankarkar, abin da burtsatse ta bayar shi ne ruwa, wani lokaci ma sai an sayi jarka wurin mai garuwa. Don haka kake jinkirta canji, kuma ban ga laifinka ba. Amma kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, gubar da ke ƙona fata da wurin numfashi, kuma zafi yana ƙara mata kaifi. A Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, tankin roba da ke tsakar gida ba rumfa ya zama tarko. Da hunturu kuwa ruwa ya yi sanyi, cin kifi ya ragu, kai kana zuba abinci yadda ka saba, rabi ya ruɓe a ƙasa.

Tarwada tana da halin da ke yaudarar mai ita. Tana iya shaƙar iska daga sama, saboda haka ba ta mutuwa da wuri a ruwa mai wari, sai a ɗauka lafiya lau take. Haka ƙaramin kifin adon nan na ƙasar Tailan, betta, wanda ake ajiyewa a kwalba: shi ma yana shaƙar iska, shi ma fiffikensa kan ruɓe a hannun masu ƙaunarsa, a yi magani ya warke, bayan makonni ya dawo, don kwalbar ba ta canza ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kafso ɗin da kake farkewa cikin ruwa. Kwana biyu ka ga sauƙi ka daina, raunanan ƙwayoyi su mutu, masu taurin kai su hayayyafa. Karo na gaba maganin ba ya ci. Kuma kifin nan mutane za su ci shi, 'ya'yanka da na maƙwabta. Idan har magani ya zama dole, likitan dabbobi ya duba, ya faɗi iri da awo da kwanaki, ka cika su, sannan ka jira wa'adin da ya ce kafin ka sayar ko ɗaya.

Yanzu dai ka tsame matattu nan take ka binne, ka ware masu gyambo a wani mazubi da ragarsu daban. Dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu, ba abin da zai same su. Riƙa zubar da sulusin ruwan kullum daga ƙasa, inda dauɗa ke kwanciya, ka cika da ruwan da ya kwana a buɗe. Gishiri gram 2 zuwa 3 a kowace lita yana rage musu wahala. Ruwan da ka zubar, in babu gishiri a cikinsa, kada ya tafi lambatu, ka ba zogale da alayyahu, taki ne.

In ruwanka na kifi ɗari biyu ne, kada ka zuba ɗari biyar. Cunkoso ke sa su cizon juna, ta raunin nan cuta ke shiga. In ka kwashe wannan zubin, wanke tankin ka shanya shi a rana ya bushe ƙayau kafin ka kawo sababbin 'ya'ya. Ranar Alhamis in za ka Maigatari, biyo ta gida mu je mu duba inda za a kafa rumfar.